Wuƙar da Babanka Ya Ajiye Maka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Abba, ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya kai ka Yanbu lafiya, Ya tsare maka hanya gaba da baya, Ya haɗa ka da malamai masu haƙuri da abokan zama nagari a makarantar koyon aikin ƙarfen da za ka.

Na san za ka yi mamakin samun takarda daga wadda ƙofar ɗakinta ke kallon taka. Dalili shi ne, in na zaunar da kai, kafin in kai aya ka ce "tayyib ya Ummi, tayyib," ka jawo waya. Takarda kuwa ba a katse ta. Da Hausa na rubuta, ko da yake na san Larabci ya fi gudu a idonka. Ka bi ta a hankali, kamar lokacin da nake koya maka baƙaƙe a littattafaina na soyayya, ina tsallake maka shafukan da ba na yara ba. Ka karanta kafin jibi Asabar, don bayan ka shiga mota ba ta da sauran amfani.

Ranar Juma'a da muka gama cin abinci, babanka ya ciro wata 'yar wuƙar aljihu mai ƙotar ƙaho, ya ajiye ta kusa da farantinka, ya tashi wanke hannu. Ka ture ta gefe ka ce, "Abuya ya manta wuƙarsa." Ƙanwarka Hanan ta ce ai kai aka ba. Ka ce, "Ni? Wannan mai gutsurarren hanci? A Yanbu akwai masu baki goma, har da almakashi." Babanka yana bakin famfo, ya ji. Ya dawo ya ɗauke ta, ya sa a akwatin wuƙaƙensa. Tun ranar, ban da amsa gaisuwa bai ce maka komai ba, kai kuma kana tsammanin kewar tafiyarka ce. Ba ita ba ce, ko in ce ba ita kaɗai ba.

Ba na so ka bar gidan nan a haka. Kuma rabin laifin nawa ne, domin hancin nan da ka raina, ni na gutsure shi.

Ina da shekara goma sha tara aka kawo ni Makka daga Kano. Kayana akwati biyu ne, ɗaya tufafi, ɗaya littattafai. A cikin littattafan nan na san yadda miji yake: yana kawo turare, yana kawo agogo, yana rubuta kalaman da za a karanta a rungume takardar. Kwana bakwai da tarewata a shiggarmu ta farko, wato ɗakunan hayarmu a unguwar Shisha, babanka ya dawo daga shagonsa na gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, hannunsa duk baƙin mai. Na kawo shayi. Ya sa hannu a aljihu, na matso kusa ina murna. Sai ya ciro wuƙa, ya ajiye a kan tire kusa da kofina, ya ce, "Ga wannan." Ya tafi sallar Magariba.

Na yi kuka har idona ya kumbura. Na ce a raina, wuƙa? Gargaɗi ne ko me? Kuma ko miƙo mini bai yi ba, sai ka ce abincin kyanwa. Na jefa ta cikin aljihun tebur tare da cokula.

Abin da ban sani ba, kuma ban tambaya ba, shi ne al'adar gidanku. Kakanka Malam Haruna, wanda ka ci sunansa, maƙeri ne. Da ƙafa ya zo aikin Hajji, yana ƙira a garuruwan hanya don ya sami abin kaiwa baki. A gidansu ba a miƙa abu mai kaifi hannu da hannu. Tsofaffi suna cewa yana yanke zumunci. Babanka ya ce wannan ba addini ba ne, kakanka dai ya ga yatsu da yawa sun tafi a wajen miƙa da karɓa. Ko ma mene ne asalinsa, ya zama hanyarsu ta yin kyauta: a ajiye maka, a kau da kai. In ka ɗauka ka karɓa, in ka bari ba za a roƙe ka ba. Maƙeri ba ya tallar aikinsa da baki.

To ga ta farko. Inda za ka, za ka tarar da mutane daga garuruwa daban-daban, kowa da yadda yake nuna alheri. Wani zai yi maka da tsawa, wani da shiru. Kada ka auna su da abin da ka gani a waya, kamar yadda na auna babanka da littafi. In an yi maka abin da ba ka gane ba, buɗe baki ka ce, "Me wannan yake nufi?" Da na yi wannan tambaya a daren amarcina na bakwai, da ban kai ga abin da zan faɗa maka yanzu ba.

Wata rana da hantsi ina girki, murfin gwangwanin man shanu ya ƙi buɗuwa. Littafi yana hannuna na hagu, an zo daidai inda za a gane ko wace ce uwar yarinyar da ke cikin labarin. Ban ajiye shi ba. Na lalubo wuƙar nan, na soka tsininta ƙarƙashin murfin, na danna. Sai na ji ƙas. Murfi ya buɗe, tsinin wuƙa ya tafi. Na duba ƙasa, na duba bayan murhu, ban gan shi ba.

Na ɓoye ta a ƙasan akwatin littattafaina, inda na san ko da kuɗi aka haɗa shi ba zai taɓa ba. Bayan kwanaki ya ce, "Ina 'yar wuƙar nan?" Na ce, "Tana nan." Ya ce, "To." Wata huɗu na yi ina ɗauke da wannan "tana nan" a ƙirjina. In ya nufi aljihun tebur neman cokali sai in riga shi, in miƙo masa.

Abba, za ka ɓata aiki. Duk mai koyo yana ɓatawa. Za ka ƙona ƙarfe, za ka karya kayan aikin da ba naka ba. Ranar da hakan ta faru, ka ɗauki abin ka kai wa malaminka kafin ya huce. Faɗan minti biyar ya fi fargabar wata huɗu sauƙi. Sannan kowane abu da aikinsa: wuƙa ta yanka ce, ba ta ɓanɓare murfi ba, kuma ba a aiki da hannu ɗaya hankali yana wani wuri.

Maimakon in faɗi gaskiya, sai na yi dabara irin ta littafi. Na ga wata wuƙa a shagon masu sayar da tsaraba, ƙotarta ruwan zinariya, da duwatsu masu walƙiya, an zana bishiyar dabino a jikinta, tana kwance a cikin akwati mai jan ƙyalle. Na ce wannan ta fi waccan baƙar sau goma. Na saya, na haɗa da wasiƙa mai shafi biyu, na miƙa masa hannu da hannu. Ya ɗan yi jim, sannan ya karɓa ya yi godiya. Ya buɗe ta, ya kai kusa da kunne ya girgiza. Ni ma daga inda nake na ji tana ƙwas-ƙwas. Abin ya ba ni haushi, na fizge ta na ce bari ka ga kaifi. Na ɗauko lemon tsami na danna. Bakin ya naɗo ya rufe a kan yatsana.

Tabon da ke manuniyata ta dama ke nan. Da kana ƙarami ka tambaye ni, na ce maka ƙofa ce. Ba ƙofa ba ce.

Bayan ya ɗaure mini yatsa, sai ya jawo akwatin katakon nan da ka saba gani a saman kabad, ya buɗe mini shi karo na farko. Lokacin ba su kai goma ba, yanzu sun haura ashirin. Ka san duk shekara in mosim, lokacin Hajji, ya zo yakan rufe shago ya tafi Mina yi wa alhazai jagora. A can ya samo yawancinsu, daga kayan tsofaffi masu yanka lemo a bakin tanti. Wata musaya aka yi, wata kyauta ce bayan ya kai mutum tantinsa da ya ɓace masa. Akwai ta wani tsoho Baturke mai ƙotar ƙahon akuya, akwai ta mutanen Buhara, akwai ta Yaman, akwai biyu daga Agadas masu adon tagulla. Babu mai tsada a ciki. Abin da ya haɗa su shi ne kowace mutum ɗaya ne ya yi ta, a ɗan ƙaramin wuri, daga farko har ƙarshe.

Ranar ya yi magana fiye da duk wadda ya yi tun aurenmu. Ya ce in buɗe ɗaya. Ta ɗan yi mini gardama, sannan ta zauna da ƙara guda, tas. Ya ce in girgiza, ban ji komai ba. Ya ce in ɗaga ta wajen taga in duba ko haske yana ratsa tsakanin ƙaho da ƙarfe, babu. In shafa bayanta da babban yatsa, ban ji tudu ba, ban ji kwari ba. In rufe in duba ko bakin ya kwanta a tsakiya, tsinin ya shige ciki yadda ba zai yaga aljihu ba. Ya nuna mini kan ƙusar da ta riƙe bakin, yadda aka bubbuga shi da guduma har ya baje kamar ƙwayar gero. Daga ƙarshe ya kawo tumatir ya ce in ɗora kawai in ja, kada in danna. Ta wuce kamar ba ta taɓa komai ba.

Na ce, "Ashe duk abin da aka yi da hannu ya fi na kamfani."

Ya ce, "A'a. Ga waɗannan biyun, da hannu aka yi su, kuma ba su da kirki. Na ajiye su ne don in riƙa tunawa. Akwai na kamfani masu kyau. Bambancin, in wannan ta ba ki kunya kin san ƙofar da za ki buga." Ya nuna mini gindin kowace, inda maƙerin ya buga alamarsa: wani tauraro, wani harafi, wani 'yan layuka. Ya ce wanda ya sa alamarsa a ƙarfe ya yarda a zage shi shekara hamsin bayan ya mutu, shi ya sa yake tsayawa ya gyara inda ido ba ya kaiwa.

Ban ce kada ka sayi mai baki goma ba. Saya in kana so. Amma ka girgiza ta kusa da kunnenka tukuna. Haka aboki, haka ɗakin haya, haka duk wanda zai zo maka da ƙota mai walƙiya. In kuma aikinka ne, ka yi shi kamar za a buga sunan kakanka a gindinsa, don kuwa sunan ne a katinka.

Duk da wannan darasi ban faɗa masa ba. Gwaggonka Sa'ada na faɗa wa. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Matar littafi an yi aika-aika! Sa abayarki mu tafi." Muka ɗauki taksi zuwa unguwar Rusaifa, wajen wani tsohon Buzu, Baba Agali, wanda ya yi shekaru yana zuga wa kakanka wuta. Ɗan ɗaki ne a bayan shagon kayan gini, da uwar maƙera, da dutsen wasa wuƙa, da fanka mai ƙara. Allah Ya jiƙansa, ya rasu kana aji uku.

Ya karɓi ƙyallen da na naɗe ta, ya warware a ƙasa. Ya ga ɗigo uku a gindin bakin. Ya ɗago kai.

"Wa ya yi wa Haruna haka?"

Gwaggonka ta ce, "Ga ta nan, Baba. Man shanu take nema, ta samu."

Na ce, "Baba, don Allah a liƙa mata wani tsinin, yadda ba za a gane ba."

Ya ce, "'Yata, ba a yi wa wuƙa dashen hanci. In na liƙa, ranar da aka fi bukatarta ranar zai fita. Zan ci bayanta da dutse har ya sauko ya tarar da kaifin. Za ta gajarce kamar faɗin farce, amma za ta zama wuƙa."

"To ai zai gane!"

"Ɗan Haruna ne fa. Ko a duhu ya taɓa zai gane."

Na ce to a goge baƙin nan na jikinta ta yi haske, kuma in zai yiwu a gama kafin La'asar. Ya dubi gwaggonka ya ce, "Sa'adatu, tuwo kuka zo saya?" Ya ce baƙin nan rigarta ce, shi ke kare ta daga tsatsa, shekaru ne suka ɗinka mata shi, ba zai tuɓe ta don in ji daɗi ba. In dawo bayan mako guda.

Muna shirin fita ya ce, "Kin san mece ce wannan kuwa?" Na ce a'a. Ya ce ita ce ta ƙarshe da kakanka ya ƙera kafin idonsa ya tafi. Bakin daga ƙarfen sifirin na tsohuwar mota ya fito, kwana uku suna dukansa. Ƙotar kuwa ƙahon ragon sunan babanka ne, da tsohon ya adana fiye da shekara ashirin. Da ya gama ya ajiye ta gaban babanka ya ce ta wadda zai kawo gida ce.

A cikin taksi gwaggonka ta ce, "To matar littafi, akwai irin wannan a naki?" Babu. Abin da nake ta nema a shafuka yana kwance cikin cokula wata da watanni.

Ka riƙe maganar tsohon nan. In ka yi gyara, ka yi mai ƙarfi ko da zai nuna, kada ka yi na ɓoye da zai ci amanar mai shi daga baya. Kuma in ka je gaban wanda ya fi ka sanin aiki, kada ka sa masa lokaci.

Da na karɓo ta, na kawo shayi da yamma, na ajiye ta a kan tire kusa da kofinsa. Na shirya jawabi tun a hanya, amma sai na kau da kai ina zuba shayi. Ya ɗauka, ya buɗe, ya shafa bayanta. Ya ce, "Agali ne." Na ce e. Ya ce, "Ya kyauta." Sai ya tashi ya ɗauko akwatinsa, ya ciro kwalin ashana daga lungu, ya zazzage a tafin hannunsa. Tsinin ne.

Na ce, "A ina ka samu?"

Ya ce, "A shinkafa. Ranar da kika sa man shanu da yawa. Saura kaɗan ya tafi da haƙorina."

"Shi ne ba ka ce komai ba?"

"Kin ce tana nan. Ina jira ta fito."

Sannan ya rufe wuƙar, ya sake ajiye ta a kan tire, wajen kofina, ya kau da kai yana shan shayinsa. Wannan karon na ɗauka.

Shekara ashirin ke nan tana hannuna. Da ita na feƙe maka fensir ranar da ka fara makaranta, da ita nake ɓare muku mangwaro, da ita na yanke zaren da na ɗinke maka jakar da za ka tafi da ita. Ka sha ganinta, ba ka taɓa kallonta ba. Makonni biyu da suka wuce babanka ya same ni a kicin ya ce, "Kin yarda in ba yaron?" Na wanke ta na ajiye masa. Don haka abin da ka ture ranar Juma'a daga hannu uku ya fito: na kakanka, na babanka, da nawa.

Kuskurena na ƙarshe shi ne wanda ya fi kusa. Shekara goma sha tara ina ba ka labaran mutanen da ba a taɓa haifa ba, ban ba ka wannan ba, don ba na so ka ga uwarka a matsayin wadda ta yi wauta ta kuma yi ƙarya. Na fi son in zama ta kirkin cikin labari. Da na faɗa maka tun kana yaro, da ka san abin da ake nufi in an ajiye maka wuƙa a gidan nan. Ka yafe mini. Kai ma in Allah Ya ba ka naka, kada ka ɓoye musu inda ka yi tuntuɓe.

Yau da safe bayan ya dawo masallaci na ji ƙarar dutse daga baranda. Na leƙa, na gan shi yana wasa ta, ya ɗiga mata mai a gaɓa, yana buɗewa yana rufewa. Ban tambaye shi ba. Amma na san mutumin da nake aure. Ina kyautata zaton jibi, in an kawo tamis da ful, gurasa da waken karin kumallo, za ka gan ta kusa da farantinka.

Ba zan saka maka ita a jaka ba, ko da zan iya. Wadda ba ka ɗauka da hannunka ba, ba taka ba ce. Ba sai ka yi jawabi ba, shi ma ba zai so ba. Ka ɗauka, ka buɗe, ka shafa bayanta da yatsa, ka rufe, ka sa a aljihu. In ka ga ya kau da kai yana neman gishirin da ke gabansa, ka ƙyale shi. Na ga babanka ya ajiye wa mutum wuƙa sau biyu. Ban taɓa ganin na uku ba, kuma ba na so a gwada a kanka.

In ta zama taka, ka sa ta a babbar jaka lokacin tafiya, ka tambayi dokar masaukinku kafin ka fito da ita. Iskar Yanbu ta teku ce, tana cin ƙarfe, don haka ka share ta ta bushe duk sanda ta taɓa ruwa ko lemo, ka ɗiga mata mai lokaci-lokaci. Kada ka goge baƙin. Kada ka nuna wa kowa ita da wasa, balle da fushi. In wani ya ara, ka ajiye masa ya ɗauka. Kuma don girman Allah, in gwangwani ya ƙi buɗuwa, nemi cokali.

Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin ƙarfe, da sharrin wuta. Ya sa albarka a hannunka kamar yadda Ya sa a na mai sunanka. Ya riƙe maka sallarka, Ya dawo mana da kai lafiya, mu gan ka da idonmu. Na ba ka amana ga Wanda amanarSa ba ta ɓata.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka.